Kafin ka biya kuɗin manhajar lissafin zafin gini, dubi yadda take ɗaukar yoyon iska

Masu biron zanen gini da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, in dai gini mai kilim za ku yi wa lissafi a nan Maradi, kar kyawun hoton 3D ya ruɗe ku, ku fara duba yadda manhajar ke lissafa iskar da ke kutsowa ta ƙasan ƙofa da bakin taga da ramukan silin. Ɗauki ɗaki mita 4 a 4, tsayi mita 3, iska mita kubik 48 kenan. Watan Afrilu waje na 42, ciki kana son 25. In iskar ɗakin na sauyawa sau ɗaya a awa, zafin da ke shigowa ya kusa wat 280, in sau biyu ne ya haura 550, alhali ƙaramin kilim mai BTU 9,000 duka-duka ƙarfin sanyinshi wajen wat 2,600 ne. To da irin ƙofofin ƙarfen da masu walda ke yi muna, waɗanda kadangare ke wucewa ta ƙasansu, ai wannan ba lissafin da za a yi wa riƙon sakainar kashi ba ne.

A cikin manhajojin, EnergyPlus dai kyauta ne, na ma'aikatar makamashin Amurka, tun 2001 ake aiki da shi, kuma OpenStudio da ake ɗora mashi shi ma kyauta. A fannin yoyon iska EnergyPlus ya ba ka hanya huɗu. Mai sauƙin ita ce DesignFlowRate, amma fa akwai tarko, lambobi huɗun da take zuwa da su 1, 0, 0, 0 ne, ma'ana yoyon ba ya motsi, ko hunturu na kaɗawa da ƙura ko garin ya yi cik ba iska duk ɗaya ne wurinta. Mutane da yawa haka suke barinta. In ka sa 0.224 a gurbi na ukku sauran sifili, irin na tsohuwar manhajar DOE-2, to yoyon zai bi gudun iska, kuma ni a ganina shi ya fi dacewa da gidajenmu na ƙasa marasa bene, tunda tashin iska mai ɗumi zuwa sama ba ya da wani tasiri sosai a gajeren gini. Akwai ta Sherman da Grimsrud mai neman faɗin ramukan gaba ɗaya, da ta Walker da Wilson, dukansu don ƙananan gidaje anka yi su. Sai AirflowNetwork, mai bin kowace tsaga ɗaki zuwa ɗaki, tana da kyau amma tana cin lokaci, ga ta da saurin yin gardama in ka mance rami guda.

DesignBuilder na Ingila ne, kuɗi ake biya, injin EnergyPlus ɗin nan ne dai a cikinshi, sauƙi kake saya. Ka zaɓi lissafin tsagu maimakon lamba tsayayya, ka ce ginin mai yoyo ne ƙwarai ko madaidaici, shi ya ƙarasa. Suna ba da gwaji na kwana 30. Biron da ke samun aikin asibiti ko otel a kai a kai zai maido kuɗinshi, amma mai aiki ɗaya a shekara, gaskiya a'a.

Pleiades kuma na kamfanin IZUBA ne a Faransa, da Faransanci yake, wanda Turancin Ingilishi ke ba wahala zai ji daɗinshi. Sai dai a kula, su yoyon gini a matsin iska na pascal 4 suke auna shi, saura kuwa galibi 50, in ka kwashi lambar wannan ka zuba a wancan ka yi ɓarna. Kuma iyakar yoyo ta 0.6 da tsohuwar dokarsu ta RT2012 ta ɗora wa sabon gida ba ta gininmu ba ce ko kusa. Ɓangaren dokokin Faransa kar ka saya, ba ruwanka da shi.

Manhajar TRNSYS ka bar wa masu bincike. CONTAM na NIST, hukumar ma'aunai ta Amurka, kyauta ne, aikinshi bin iska da abin da ta ɗauko, don haka in damuwarka ƙurar hunturu ce a ɗakin tiyata ko ma'ajiyar magani shi za ka nema, amma shi kaɗai ba zai gaya maka kuɗin wutar NIGELEC ba.

Duk wadda ka zaɓa, lambar yoyon da ka ba ta za ta tauna. Awon gaskiya shi ne a ɗaura fanka a ƙofa a matsa ginin zuwa pascal 50 bisa ƙa'idar ISO 9972, kuma al'adar raba sakamakon da 20 don samun yoyon yau da kullum daga ƙasashen sanyi ta fito, kar a haɗiye ta haka nan. In ba ka da na'urar, yi lissafin sau ukku, yoyo kaɗan, matsakaici, mai yawa, ka ga ko girman kilim ɗin zai sauya. Fayil ɗin yanayi kuma a nemi na Maradi, kar a ari na Yamai, kuma a duba watan Agusta da kyau don iskar damina danshi take shigowa da shi, kilim sai ya matse ruwan kafin ɗaki ya yi daɗi. Ɗalibi ya fara da OpenStudio, kuɗin lasisin a sayi robar liƙe ƙofofi.