Kwamfaila: ta ƙarƙashin bidiyo ko ta gidan masu ita?

Wani ƙanenmu daga Tawa ya yi tambaya: yana koyon C, harshen rubuta shirin kwamfuta, a YouTube, mai bidiyon ya ajiye mahaɗin sauke kwamfaila (manhajar da ke juya rubutun shirinka zuwa abin da kwamfuta ke iya aiki da shi) a ƙasa, wai tasa ba ta cin forfe. Ya ɗauka, ko ya nufi shafin masu ita?

Ƙanena, kallon bidiyo kam kada ka fasa, ni ma can na koyi rabin abin da na iya. Amma kwamfaila tukunya ce, duk shirin da ka rubuta a cikinta zai dahu. In an shafa mata guba, kowa ka zuba wa ya ci. Ken Thompson, ɗaya daga cikin maƙeran tsarin kwamfuta na Unix, ya bayyana haka tun 1984: kwamfaila na iya dasa ɓoyayyar ƙofa a shirinka, ka bi rubutunka layi-layi ba ka ga komai ba, don ba nan aka binne ta ba.

Ta ƙarƙashin bidiyo sauri kawai gare ta, kuma saurin nan ya taɓa cin ƙwararru. A 2015 sauke Xcode, manhajar rubuta shirye-shiryen iPhone mai kwamfaila a ciki, daga Apple na jan ƙafa a ƙasar Sin, sai masu shirye-shirye suka kwashi kwafi daga ma'ajiyar Baidu. Gurɓatacce ne, shi aka raɗa wa XcodeGhost, ya ratsa har cikin WeChat, babbar manhajar hira ta can. Rezo mai rarrafe ya ja su, irin wanda muke fama da shi nan. In ka ga fayil a kulle da kalmar sirri, mai bidiyo na cewa ka kashe antibirus tukuna, rufe shafin. Kullen nan don kada antibirus ya leƙa ciki ne.

Kwafin kile da ke yawo hannu-hannu ma duk kanwar ja ce. Na taɓa karɓo ɗaya a wani shago, washegari fayilolina duka sun koma rakursi.

Ta gidan masu ita za ta ci maka forfe, gaskiya ne, amma sau ɗaya, kuma kyauta ce. A codeblocks.org zaɓi fayil mai mingw a sunansa, kwamfailar GCC na ciki. Inda shafi ya ba da lambar SHA-256, wato hatimin fayil, fitar da ta fayil ɗin da ka sauke da umarnin certutil na Windows ka ga ko sun dace.

In waya kaɗai gare ka, ɗauko manhajar Termux daga F-Droid, ma'ajiyar manhajojin Android, ka rubuta pkg install clang a cikinta don sauke kwamfailar clang, ka koma kan bidiyonka.