Wasiƙa daga Nungwi, inda ake sayar da kallon ƙasan teku

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da iyali. Ya zafin Damagaram? Ka gaishe da Inna, ka ce mata ina cin abinci sosai, ta kwantar da hankalinta.

Ranar da muka yi waya ka tambaye ni wane irin aiki ne mutum zai ce iska yake cikawa ana biyansa, kuma me ya fi na gida a nan, me bai kai ba. Kuɗin waya ba za su isa wannan bayani ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Nungwi gari ne a can ƙarshen arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, a ƙasar Tanzaniya. Daga Darussalam jirgin ruwa na yin kusan awa biyu, sannan ka hau ƙaramar motar haya da suke kira daladala. Yawancin mutanen Musulmi ne, kiran salla ke tashe ni kamar a Birni. Harshensu ma yana da kalmomin da kunne ya sani: sabulu su ce sabuni, safiya su ce asubuhi.

Shagon da nake aiki na masu nutso ne. Baƙi daga Italiya, Jamus, Faransa da Afirka ta Kudu suna zuwa don su ga abin da ke ƙarƙashin ruwa, kuma Faransancin da na koya a lakwal shi ya sama mini gurbin. Baƙin kashi biyu ne. Akwai masu shawagi a sama, da tabarau na ruwa da bututun numfashi a baki, suna leƙen ƙasa. Akwai masu sauka can ciki da tukunyar iska a baya. Ni ke cika tukwanen. Kowace tana ɗaukar lita 12, injin ya danna mata iska har awo ya kai 200, kuma iskar nan da muke shaƙa ce, an dai tace ta an busar. Idan matatar injin ta tsufa aka yi sakaci, mutum zai shaƙi hayaƙi a zurfin da ba wanda zai ji ihunsa. Saboda haka ana rubuta awannin da injin ya yi a littafi, ranar canji in ta zo ba a ɗaga ta ko da mai shago zai yi asara. Na tuna yadda muke lallaɓa babur ɗin kabu-kabunka da waya da roba har sai ya tsaya da kansa. Wannan abu guda, kula da kayan aiki tun bai lalace ba, ina so in dawo da shi gida.

Koyon nutso na farko kwana uku ne zuwa huɗu, a ba ka takardar da ta yarje maka sauka har mita 18. Kuɗinsa kan kai dalar Amurka 400 zuwa 500. Dalar Amurka na ce, ba dala tamu ta tamma biyar ba. A kuɗinmu ya haura jikka 200. Kuma mutum ba ya komawa da komai a hannu, ko kifi ɗaya. An hana taɓawa, an hana ɗauka. Da farko abin ya ɗaure mini kai.

Sai da mai koyarwa ya sauka da ni kusa da tsibirin Mnemba na gane. Yaya, ni da ban san ruwan da ya wuce tabkin damina da na Gidimuni ba. Ruwan garai-garai, kana ganin yashin ƙasa daga cikin kwalekwale. Murjanin nan da ake yi wa amare tsakiya da danginsa, ashe halitta ce mai rai, tana gina gidaje kamar duwatsun bayan gari, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai. Kifaye rawaya da shuɗi suna wucewa garke-garke, ba sa tsoronka. Wani kunkurun ruwa ya zo ya dube ni ya wuce abinsa. Kana sauka jan launi na ɓacewa, komai ya koma shuɗi. Kunne na ciwo sai ka toshe hanci ka hura a hankali. Doka ta farko kada ka riƙe numfashi, kuma in za a fito sai an tsaya minti 3 a mita 5 kafin a kai sama. Ban iya yin magana ba da muka hau kwalekwale, tasbihi kawai nake yi a zuci. Akwai kuma wuraren da murjanin ya mutu ya yi fari fat. Tsofaffin masunta suna ambaton 1998, shekarar da ruwan teku ya yi zafi ya kashe da yawa.

Kasuwa kuwa kowa da nasa. Kifi a nan ɗanye ne, da safe ake gwanjonsa a bakin ruwa, wani ya kai tsawon yaro. Kwakwa, ayaba da kanumfari sai ka ture. Amma nama bai kama ƙafar namu ba, ga tsada. Na zaga kasuwar Darajani a cikin birnin Zanzibar ban ga abin da ya yi kama da kilishi ba, gero kuwa sai dai a mafarki. Takalman fata da ake sayar wa baƙi, da dukawanmu na kasuwar Dole sun gani da sun yi dariyar ɗinkin. Leda an hana ta, kowa da kwandonsa ko jakarsa, wannan ya burge ni ƙwarai. Wuta ta ƙarƙashin teku ake jawo ta daga babban yankin Tanzaniya, tana ɗaukewa kamar tamu, otal-otal dai suna da janareto.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwa. Gishiri na cin kaya, don haka kowane yammaci sai mun wanke rigunan roba, tabarau da abin shaƙa a cikin manyan bahuna na ruwan daɗi, mu zubar. Ranar farko hannuna ya ƙi. Na tuna Inna tana jiran 'yan garuwa a watan Afrilu, tana auna ruwan alwala da kofi. Kuma kada ka ɗauka mutanen garin sun wadata: bayan katangar otal mai tafkin wanka, matan Nungwi na jera jarka a famfo kamar na unguwarmu. Na roƙi mai shago, yanzu ruwan ɗauraya na ƙarshe, wanda gishirinsa bai yi yawa ba, da shi muke wanke daɓe da kwalekwale.

Daga Maris zuwa Mayu damina ce a nan, baƙi na raguwa, shago na ba da hutu. In Allah ya yarda lokacin zan zo. Kafin nan, in ka samu mai tahowa ta Darussalam, a haɗo mini da kilishi da daddawa. Kuɗin da na turo, a fara saya wa Inna tanki.