Gargaɗi kan takalmin shiga jirgin ruwa na jabu da ake talla a Facebook

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman mazauna Birtaniya masu shirin fita teku, ko don aiki ko don koyo. Tallar da ta cuce ni har yanzu tana yawo, shi ya sa na ga shiru bai dace ba.

A watan Maris na shiga kwas na kwana 5 na koyon aikin jirgin ruwa mai tafiya da iska a Solent, mashigin da ke tsakanin gaɓar kudancin Ingila da tsibirin Wight. Cikin kayan da aka ce kowa ya zo da su har da dogon takalmin ruwa. Na duba na Dubarry, kamfanin ƙasar Ailan da matuƙa ke yabo, na ga kuɗinsa ya doshi fam 300, na ja da baya. Bayan kwana biyu sai ga talla a Facebook: takalmin nan dai, hotonsa, tambarinsa, wai suna kwashe kayan sito, fam 79. Har da agogo a saman shafin yana ƙirga mintunan da suka rage kafin garaɓasar ta ƙare. Na san banza ba ta kai zomo kasuwa, amma hannuna ya riga hankalina, na biya da katin banki.

Sai da aka yi mako uku kayan suka iso, a cikin leda, ba kwali. Ina buɗewa warin gam ya buge ni. Abin da suka kira fata roba ce da aka yi wa fenti, an kuma rataya takardar Gore-Tex, wato shimfiɗin da ke hana ruwa shiga, da zare a jiki kamar shaidar biyan haraji. Lokaci ya ƙure, na ce ko ba komai zai tare ruwa.

Bai tare ba. Rana ta biyu iska ta tashi, ruwa ya riƙa tsallako gaban jirgi, kafin azahar ina jin safata tana caɓal-caɓal. Ta wajen haɗin tafi da jiki ruwan ke shiga, inda aka liƙe da gam kawai. Wanda ya shiga kuma ba ya fita, ga zufa ta taru a kai. Gore-Tex na gaske wani siririn shimfiɗi ne a cikin takalmin, mai ƙofofi ƙanana ƙwarai, ɗigon ruwa ba ya iya ratsa su amma tururin zufa yana fita. Nawa leda ce aka shimfiɗa.

Da na je jan igiya a gaban jirgi ƙafata ta zame, gwiwata ta daki ƙarfe. Malamar da ke koya mana ta ce in ɗaga ƙafa. Ta shafa tafin takalmin da yatsa, ta nuna min nata: cike yake da siraran tsagu kamar an yanka da reza, su ne ke matse ruwa gefe har tafin ya kama daɓen jirgi. Wani Ba'amurke, Paul Sperry, ya fito da dabarar a 1935 bayan ya lura da tafin ƙafar karensa a kan ƙanƙara. Nawa tafin mai tauri ne, sumul, kuma duk inda na taka sai ya bar baƙin zane a farin daɓen mutane. Kunya ta ishe ni.

Abin da ya fi tsorata ni sai da na cire takalmin zan yi alwalar magariba. Yatsuna sun yi fari fat, sun yamutse, na matsa ban ji komai ba. Ruwan Solent a Maris wajen digiri 8 ne, kuma ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25. Ba sai an kai ga ƙanƙara ba, ƙafa ta daɗe a jiƙe cikin sanyi ya isa ya taɓa jijiyoyi. Cutar da ta addabi sojoji a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya ke nan, kuma likitocin sojan Birtaniya sun daɗe da lura cewa mu baƙar fata mun fi saurin kamuwa da ita. Malamar ta hana ni murzawa, ta hana ni kusantar hita, ta ce in tsane su in bar su su ɗumama a hankali. Daren nan ban runtsa ba, kamar an zuba min barkono.

Da na dawo na rubuta musu. Suka ce in mayar da kayan zuwa wani adireshi a ƙasar waje da kuɗina, ko in haƙura su ba ni kashi 20 cikin 100. A nan na koma na duba shafin da idon basira. Babu adireshin ofis, babu lambar waya, kowane girman ƙafa akwai, kuma agogon nan idan ka sabunta shafin sai ya koma farko. Sunan da ya fito a bayanin asusuna ma daban ne da na shafin. Fam 79 ɗin kuma ina zargin da gangan ne: kariyar da sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ke bai wa mai katin kiredit sai kaya sun haura fam 100 take aiki. Ni dai bankina na kira na nemi su janyo kuɗin, na tura musu hotuna da saƙonnin. Wanda ya tura kuɗi kai tsaye daga asusu zuwa asusu, nasa ya fi wuya.

In aljihu bai kai na fata ba, je shagon kayan jiragen ruwa da ƙafarka ka sayi na roba zalla, wanda aka yi don jirgi. Ka gwada shi da safar da za ka sa, ya ɗan fi ƙafarka, domin matsattsen takalmi yana hana jini gudu. Safar ta zama ta ulu, auduga in ta jiƙe ba ta da amana, kuma ka ajiye biyu busassu a leda. Kafin ranar tafiya ka tara ruwa a bahon wanka ka tsaya a ciki minti 10.

Shafin da ya ci kuɗina ya ɓace. Shekaranjiya na sake ganin hotunan nan ƙarƙashin wani sabon suna, wannan karon fam 74.