Hattara da masu sayar da zobban tabaraun bindiga na jabu

Jama'a, da ɗacin rai nake wannan rubutu, don kada abin da ya same ni ya samu wani. Duk mafarauci ko mai gasar harbi da ke neman hanya mai sauƙin kuɗi ta ɗora wa bindigarsa tabaraun hangen nesa, ya daure ya karanta.

Na jima ina tari kafin na sayi tabarau mai kyau. Da aljihu ya yi ƙasa, sai na ce bari in rage kashewa a wajen zobban da ke riƙe shi, tunda ƙarfe biyu ne da 'yan kusoshi. A intanet na ci karo da wani mai talla, ya sa hotuna masu ƙyalli da tambarin wani sanannen kamfani, ya ce ragowar kaya ne yake karyarwa. Ya rantse ƙarfe ne zalla. Ya kuma matsa mini in tura masa kuɗi kai tsaye maimakon in biya ta shafin, wai don ya ƙara yi mini ragi. Nan ya kamata jikina ya ba ni, amma kwaɗayin araha ya rufe mini ido.

Kaya suka iso a leda, babu kwali, babu takardar da ke faɗin iyakar ɗaurin kusoshi. Na ɗora, na je filin gwaji na yi saiti a mita 100. Harbin farko ya taru wuri ɗaya gwanin sha'awa. Kafin in ƙare harsashi ashirin abu ya fara watsewa, wannan sama, wancan hagu. Na zargi harsashi, na zargi iska, har na zargi hannuna. Wani dattijo da ke harbi kusa da ni ya ce, "Ɗana, kawo fensir." Ya ja layi a jikin tabaraun daidai bakin zobe, ya ce in ƙara harbi biyar. Da muka duba, layin ya matsa, tabaraun yana zamewa cikin zobban duk lokacin da bindiga ta yi baya.

Na ɗauki makulli in ƙara ɗaurewa. Juyi ɗaya kawai, kusar ta fara walainiya a rami, zaren, wato murɗin da ke riƙe kusar a ramin, ya cinye. Da na fito da ita, wani gari-gari mai launin toka ya biyo ta a yatsana. Na kara maganaɗisu a zoben, ko motsi bai yi ba. Ashe narkakken haɗin tutiya ne aka zuba a mazubi aka shafa masa baƙin fenti, irin wanda ake yi wa bindigogin wasa masu harba ƙwallon roba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na cire tabaraun: gefen zoben mai kaifi ya lotsa bututun, ya bar tabo zagaye. Na tsimi kaɗan, na lalata mai yawa.

Asarar kuɗi da sauƙi. Tabaraun da saitinsa ke yawo yana sa ka raunata dabba ta tafi ta mutu cikin wahala, ko harsashi ya nufi inda ba ka yi niyya ba. Wannan tunanin ne ya hana ni barci.

Waɗannan mutane suna cin kasuwa ne a kan rashin sanin awo. Za ka ga sun rubuta "yana shiga kowace bindiga", kuma babu zoben da ke haka. Bututun tabarau yakan zo inci ɗaya, wato milimita 25.4, ko milimita 30, ko 34, kuma dole zobe ya yi daidai da shi. Layin ƙarfen saman bindiga da ake ɗora zoben a kai ma iri-iri ne. Picatinny, wanda sojan Amurka suka tsayar da ma'auninsa a 1995, faɗin kowace tsagarsa milimita 5.23 ne, tazarar tsagogin kuma daidai take. Tsagar wani nau'in layin, Weaver, ta fi ƙunci, kusan milimita 4.57, shi ya sa zoben Weaver kan hau Picatinny, amma na Picatinny sau da yawa ba ya zama a Weaver. Bindigogin iska da ƙananan bindigogi da yawa kuma siririn layi ne da su mai faɗin milimita 11. Tambayi mai sayarwa waɗannan. Idan ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Ba ina cewa duk mai araha jabu ba ne. Akwai zobban alminiyam nau'in 6061 daga kamfanoni na gaskiya, masu sauƙin kuɗi, da ke riƙe saiti shekara da shekaru. Bambancin shi ne suna zuwa da sunan mai su na gaskiya, da garanti, da adadin ɗauri a rubuce, wanda ga kusoshin saman zobe yawanci bai wuce inci-fam (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 15 zuwa 18 ba. Gara ka sayi ƙaramin suna na ainihi da ka sayi babban suna na bogi. Ka kuma duba shafin kamfanin ka ga ko mai sayarwar yana cikin dillalansu.

Da na koma wa mutumin da hotunan zaren da ya cinye, sai ya ce ni na ɗaure fiye da kima. Washegari ya toshe ni, tallar ma ta ɓace. Bayan sati biyu na sake ganin tallar da wani suna daban: hotuna iri ɗaya, teburin katako ɗaya, har da ɗan karcen da ke kusurwar hagu ta zoben. Na kai ƙararsa ga masu shafin, kuma har safiyar yau ina ganin mutane a ƙarƙashin tallar suna tambaya ko akwai saura.