Farin abun nan a ganyen okid: tabon ruwa ne ko ƙwari?

Anti na ga hoton okid ɗinki, shukar furen nan ta tukunya, da kika turo, kina tambaya wai menene wannan farin abun a kan ganye kuma wane magani za ki fesa. Dan Allah kar ki kashe kuɗinki tukuna. Yawanci abu biyu ne ke yin haka, a hoto kamarsu ɗaya amma da kin kai yatsa za ki raba gardama.

Tabon ruwa a saman ganye yake zama, zagaye-zagaye daidai inda ɗigon ruwa ya bushe, busasshe ne kamar alli, ba danƙo, in kin goga da jiƙaƙƙen tsumma sai ya ɓace, ganyen na bushewa ya sake bayyana. Su kuwa ƙwarin, waɗanda masu fulawa ke kira milibog, basa son fili, ƙasan ganye suke ɓuya da lungun da ganye ya haɗu da jiki da bayan fure, a dunƙule kamar an yagi auduga an cusa. Ki murje ɗaya tsakanin yatsu, in ya fashe ya bar miki damshi mai ɗan launi toh rai gare shi. Kuma suna tsotse ruwan shukar suna fitar da wani abu mai zaƙi, shi yasa ganyen ke danƙo, tururuwa su yi ta sintiri a tukunyar, daga baya baƙi-baƙi kamar kunkunniya ya hau wajen. Tabon ruwa bai taɓa kiran tururuwa ba.

In tabon ruwa ne ki kwantar da hankalinki, muni ne kawai. Sinadaran da ke cikin ruwan ne ko ragowar taki suke zama in ruwan ya bushe. Ki leƙa cikin butar da kike dafa ruwan shayi, in akwai farin ɓawo a gindinta toh ruwan bohol ɗinki ne. Lemon tsami kaɗan a rabin kofin ruwa, ki goge da auduga, ki bi da ruwa zalla, shikenan. Mu a Jos Allah ya hore mana ruwan sama tun daga Afrilu har Oktoba, ki tara a jarka, okid ta fi son shi. Taki kuma rabin abin da aka rubuta a kwalin ya isa, sannan sau ɗaya a wata ki kwarara ruwa ta tukunyar ya fice ta ƙasa ya wanke gishirin da ya taru a saiwa. Ki dai kula kar ruwa ya kwana a tsakiyar ganyen, nan take ruɓewa, balle da sanyinmu.

Ƙwarin ne aiki. Ni sun taɓa min, na sayo wata okid mai farin fure a wajen masu fulawa na bakin titi na ajiye ta kan taga cikin sauran, wallahi sai da na yi sati biyu ina cewa ƙurar hunturu ce ina gogewa, ashe ƙura bata taruwa a ƙasan ganye, kafin in farga sun haye tukwane uku. Abu na farko ki ware wadda suka kama can nesa da sauran. Ki sayi sifirit a kemis, ki jiƙa audugar goge kunne ki bi su ɗaya bayan ɗaya, har cikin lungu, sifirit ɗin yana narkar da farin kakin da ya rufe su. Ki fara gwadawa a ganye ɗaya ki ga yadda zai kwana, kuma da yamma ake yi ba cikin rana ba. Feshin ruwa haka kawai baya musu komai, zamewa yake a kan kakin.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne su yi sau ɗaya su ga wajen fes su ce an gama. Ƙwai na nan, ƙananan kuma ido baya ganinsu sosai, sai kin maimaita duk bayan kwana 7 zuwa 10, kamar sau 3 ko 4. In sun yi yawa ki haɗa da man darbejiya ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa da ɗigon sabulun ruwa, ki girgiza ki fesa sama da ƙasan ganye, banda furen. In bayan duk wannan suna dawowa toh suna cikin saiwa, ki zazzage tukunyar, ki zubar da tsohon ɓawon itacen da aka dasa ta a ciki, ki wanke saiwar da tukunyar ki sa sabo.

Akwai masu cewa fumfuna ce, wadda ke bazuwa kamar an barbaɗa gari, amma gaskiya a okid ba kasafai ba, ni ban taɓa ganinta a nawa ba.

Hotonki dai na ja shi na ƙara girma, na saman ganyen tabon ruwa ne, amma wancan farin da ya dunƙule a gindin ganye na biyu bai kwanta min ba. Ki juya ganyen ki haska da tocilan waya ki sake ɗauko mana.