Ƙaramar na'urar ECG ta aljihu: zanenta ya yi, hukuncinta sai an tace

Na'urar ba ta kai faɗin katin ATM ba. Faifan ƙarfe biyu ne a jikinta, majiyyaci ya ɗora yatsu, cikin daƙiƙa 30 zanen bugun zuciyarsa, wato ECG, ya fito a waya. Mun yi aiki da ita a ɗakin duba marasa lafiya a Argungu, kuma mun fi gwada ta a kan masu bugun da ke tsallake, wato waɗanda saƙon lantarki daga ɗakunan zuciya na sama yake makara ko ya ɓace kafin ya isa na ƙasa, abin da ake kira toshewar hanyar lantarkin zuciya.

Kafin a ciro ta, a fara da hannu da kunne. A ƙirga bugun jijiya na cikakken minti ɗaya, domin mai ƙirga daƙiƙa 15 ya ninka sau huɗu zai iya wuce tsallaken bai sani ba. A nau'in toshewar da ake kira Mobitz I za a ji bugu uku ko huɗu, sai shiru, sai a sake, kuma sautin farko na zuciya yana raguwa daga bugu zuwa bugu. A saurari ƙirji a daidai wannan shirun: in an ji ɗan bugu da ya yi gaggawa, ƙarin bugu ne da bai kai wuyan hannu ba, in tsit ne, saƙo ne ya ɓace. A kishingiɗar da majiyyaci digiri 45, jijiyar wuya takan ɗan motsa ko a lokacin shirun. Likita Wenckebach ma da zanen bugun jijiya ya bayyana wannan tsallaken a 1899, kafin ECG ta shiga asibitoci.

Inda na'urar ta biya kuɗinta shi ne abin da hannu ba ya kamawa. A mataki na farko na toshewar bugu daidai yake, sai dai tazarar PR, lokacin da saƙon ke ɗauka daga ɗakunan sama zuwa na ƙasa, ta haura ƙananan gidaje 5 a zanen, wato milidaƙiƙa 200. Na'urar ce kuma take raba Mobitz I, inda PR ke ƙara tsawo kafin tsallake, da Mobitz II, inda PR ba ta canzawa sai bugu ya ɓace kwatsam. Na biyun ne mai haɗari, don yana iya komawa toshewa gaba ɗaya.

Aibinta biyu. Da yatsu kawai, alamar P, wadda ke nuna bugun ɗakunan sama, ƙanƙanuwa take fitowa, musamman da hunturu in hannu ya yi kaushi. A jiƙa yatsun, a dafa gwiwar hannu a tebur, a daina magana. In har yanzu ba ta fito ba, a ɗora faifan hagu a gwiwar ƙafar hagu, hannun dama na riƙe da ɗayan, P za ta fi bayyana.

Aibi na biyu ya fi girma. Manhajar ba ta da hukuncin toshewa a jerinta, don haka Mobitz I takan fito a matsayin hargitsin bugu irin na AF, wato karkarwar ɗakunan zuciya na sama. Wanda ya yarda da rubutun ya ba da digoxin ko atenolol, magungunan da ke rage saurin bugu, ya ƙara rufe hanyar da dama ta ƙuntata. A karanta zanen da ido, a tambayi magungunan da ake sha, a kuma tuna mashaƙo da zazzaɓin gaɓoɓi mai taɓa zuciya in yaro ne.

Muna ganin ta dace da wanda ya iya karanta ECG kawai. Mai bugu wajen 40 a minti da jiri ko suma kuwa, kada a tsaya jiran waya, a tura shi Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato a yi masa cikakkiyar ECG mai zane 12.