Bokitin ƙananan ƙwallaye da na saya wa Mamana don atisayen sofbol

Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, a Kano na tashi, kuma har na zo Amurka ban taɓa ganin an buga sofbol da idona ba, wato wasan nan mai kama da besbol da ake jefo ƙwallo a doke shi da sanda. Sai ga shi Allah ya ba ni 'ya wadda ba ta da magana sai ta wannan wasa. Mamana nake ce mata, don sunan mahaifiyata ta ci. Muna zaune a Kolumbus ta jihar Ohayo, kuma bara ne ta tashi daga rukunin 'yan shekara 10 ta koma na 'yan 12. Daga nan wasa ya fara yi mata gardama.

A rukunin da ta baro, kewayen ƙwallo inci 11 ne, mai jifa kuma tana tsayawa a nisan ƙafa 35. A na yanzu ƙwallo ya koma inci 12, wanda manya ke bugawa har a gasar Olamfik, nisan jifa kuma ƙafa 40, masu jifan ma sun fi ƙarfi. Sunan wasan da Turanci wai ƙwallo mai laushi yake nufi, amma duk wanda ya taɓa shan sa a ƙwauri ya san ba gaskiya ba ne. Yarinyar da ta saba cika fili da duka sai ta koma kai wa iska sara. Kocinsu, wata mata mai haƙuri, ta ce mini hannun yarinyar lafiya lau, kanta ne take ɗagawa kafin sanda ta haɗu da ƙwallo. Ta ce in nemo ƙananan ƙwallaye mu riƙa yi a gida.

Na sayo bokiti guda ta intanet, bai kai dala 40 ba. A ciki akwai ƙwallayen roba 36 masu huda-huda, girman ƙwallon golf, rabi farare rabi ruwan ɗorawa, da wata siririyar sanda kamar ta makiyayi, sai ƙwallayen fata guda 6 masu ɗinki waɗanda ba su kai na besbol girma ba.

Na robar nan su ne suka biya kuɗin bokitin. Faɗin ƙwallon sofbol ya kusa inci 4, na golf kuwa inci 1.68 ne, bai kai rabi ba. Kan sandar sofbol ta gaske inci 2 da kwata ne. Babban ƙwallo da kakkaurar sanda suna rufa wa yaro asiri: ko ya kuskure tsakiya zai taɓa gefe, ƙwallo ya gangara, iyaye su yi tafi. Ƙaramin ba ya rufa wa kowa asiri. Ko ka same shi daidai, ko ka daki iska.

Ni nake durƙusawa a gefenta a gareji ina cilla mata ɗaya-ɗaya daga ƙasa. Ranar farko, cikin 36 biyar ta samu. Ta yar da sanda, ido ya cika da ƙwalla, ta ce, "Baba, wannan ai mugunta ce." Na ce, "Mamana, ɗauki sandarki, ba mai kallonmu sai injin wanki." Daga baya na ƙara mata wata dabara da kocin ta koya mini: in cilla biyu tare, fari da ruwan ɗorawa, sai suna sama in kira launin da za ta daka. Wannan ne ya kashe ɗaga kan, domin ba yadda za a yi ka zaɓi launi alhali idonka yana wajen da kake fatan ƙwallo ya faɗi. Bayan mako shida tana samun ashirin da 'yan kai. Ranar da aka koma fili ta ce mini ƙwallon ya zama kamar kabewa. Wanda ya saba zura zare a allura aka miƙa masa basilla, ai ya huta.

Wani uba a ƙungiyar, mutumin Jamhuriyar Dominika, da ya ji har kuɗi na biya sai da ya riƙe ciki don dariya. A ƙasarsu yara da murfin babbar gorar ruwa da sandar tsintsiya suke yi a kan titi, suna kiran wasan bitiya, ga shi kuma ƙasar ta cika manyan kulob na besbol a Amurka da 'yan wasa. Ban ji haushi ba, gaskiya ya faɗa.

Amma robar tana da iyakarta. Ba ta da nauyi, saboda haka ba ta jifuwa daga ƙafa 40, tana tafiya tana rage gudu, in kuwa a waje ne iska kaɗan ta ishe ta. Ido take gyarawa, ba ta koyar da lokacin da za a saki sanda. Na kuma lura Mamana ta fara duka da sanyin jiki, tunda abin da take daka ba ya mayar mata da martani, alhali ƙwallon gaske ya kusa giram 200. Tun daga nan ba ma tashi sai ta rufe da ƙwallon gaske 15 da sandarta ta wasa. Ragar da muke da ita ma ba ta tare na robar, ta cikin idanunta suke wucewa, sai da na rataya tsohon bargo. Cikin sanyin Janairu guda tara suka fashe. Injin yanke ciyawa ya ci uku.

Sai na fatar. Don cafke suna da kyau ƙwarai, musamman in an cire safar hannu. Ina gangaro mata su a ƙasa, dole ta sunkuya sosai, ta sa hannu biyu, ta karɓa da taushi maimakon ta kai musu wawura. Da mahaifiyata ta gan mu a kiran bidiyo sai ta ce, "Au, carafke kuka je Amurka kuna koya da kuɗi?" Su da tsakuwa suka yi a tsakar gida, kuma har yau ba na jin takwarar tata za ta iya ja da ita.

Inda na yi kuskure shi ne da na bar ta tana jefo mini su. Takardar da ta zo cikin bokitin ta ce suna gyara jifa, ni kuma na yarda. Ƙaramin ƙwallo da yatsa biyu ake riƙe shi, na inci 12 kuwa a hannun yarinya sai da yatsa uku a kan ɗinki, wata ma huɗu. Mako uku hannunta yana sabawa da abin da ba shi za ta jefa a fili ba. Wata Asabar tana tsaron tudu na uku, ɗaya daga cikin wuraren da mai duka ke takawa in yana gudun zagaya fili, daga nan zuwa na farko kusan ƙafa 85 ne, sau biyu jifanta yana tashi ta saman kan mai karɓa ya daki shinge. Kocin ta matso gefen da nake zaune ta tambaye ni, cikin ladabi, me muke jifa da shi a gida. Ban sha da daɗi ba a mota ranar nan, har muka iso gida Mamana ba ta ce mini uffan ba. Yanzu in ta cafke sai ta saka a bokiti, jifa kuwa da ƙwallon gaske kawai.

Masu ƙananan yara a gida su kula. Dokar Amurka ta hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 3 ƙwallon da faɗinsa bai wuce inci 1.75 ba, don gudun shaƙewa, na robar nan kuwa suna ƙasa da haka. Autanmu yana da shekara 2, sau ɗaya uwarsu ta ƙwace ɗaya daga bakinsa, ta kuma ba ni wa'adi. Bokitin yanzu a can saman kantar ajiya yake kwana, da murfinsa.

Da zan sake saye, ba zan ɗauki bokitin gaba ɗaya ba. Sandar ba ta fi sandar mofa da komai ba, aikin na fatar kuma ƙwallon tanis zai yi shi, ga arha. Na robar kaɗai zan nema, masu launi biyu, in so samu ne masu ɗan taushi da ba sa fashewa da sanyi. Jiya na ƙirga saura 19, biyar ɗin da ban ambata ba suna wani wuri tsakanin ƙarƙashin firiza da gidan maƙwabcinmu mai kare. Mamana ta ce a ƙaro kafin Maris, kuma wannan karon ita ce ta tuna mini.